Yadda ake bin salsalar dutsen sama kafin a saya ko a sayar

Tunda labarin dutsen nan na Agadas ya bazu, duk wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a daji ko a gona sai ya ɗau hoto ya hau tura wa mutane yana tambayar nawa za a saya. Ga wanda labarin ya wuce shi, a watan Nuwamba 2023 ne wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci wani dutse da ya haura kilo 24 da rabi a hamadar jihar Agadas ta Nijar, aka gwada aka tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo, shi ne ma mafi girma a irinsa da aka taɓa samu a doron ƙasa, ya bi ta Italiya ya ƙare a New York inda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi ranar 16 ga Yuli 2025 a kan dala miliyan 5.3. Ba a faɗi sunan wanda ya tsinta ba, ba a faɗi na mai sayarwa ba, haka shima wanda ya saya. Gwamnatin Nijar ta ce sai an bincika ta wace hanya ya bar ƙasar, har ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama, su kuma masu gwanjon suka ce takardunsu a cike suke. Toh duk wannan taƙaddamar a kan abu ɗaya take, salsala. Ina aka samo shi, wa ya ɗauka, hannun wa da wa ya bi, da izinin wa ya tsallaka iyaka.

Ni abin da yake ci min rai a lamarin shine sunan da dutsen yake amsawa, NWA 16788. Haruffa uku da lamba, ma'anarsu kawai arewa maso yammacin Afirka. Ka kwatanta da na Zagami a Katsina, wanda ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962 dab da wani manomi a gonarsa, kilo 18 ne, shima daga Mars. Saboda an rubuta rana da wuri, an kuma kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, har yau duk wani masanin duwatsun sama daga Amurka zuwa Japan dole bakinsa ya furta Zagami. Duwatsun Mars da aka ga faɗowarsu da ido guda 5 ne kacal a tarihi, Chassigny a Faransa 1815, Shergotty a Indiya 1865, Nakhla a Masar 1911, namu na Zagami 1962, sai Tissint a Maroko 2011. Rubutun da wasu suka yi a lokacin shi ya saka sunan ƙauyen cikin wannan jerin.

Duk wanda ya ɗan zauna gaban malamai ya san isnadi, wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane, in aka samu giɓi a tsakiya ko aka samu wanda ba a yarda da shi ba sai maganar ta yi rauni. Haka masu tara duwatsun sama suke kallon kayansu. Bari in bi abin daki-daki tun daga ranar tsintuwa.

Mataki na 1: kafin ka ɗaga shi daga ƙasa

Nan ne mafi yawan mutane suke yin asarar da ba ta gyaruwa, don da zarar ka ɗauke dutse ka jefa a aljihu ka bar wurin shikenan, a hamada musamman ba za ka sake gane daidai inda yake ba. Ka tsaya tukuna. Fito da waya ka ɗauki hotonsa a kwance yadda ka same shi, ɗaya daga kusa, ɗaya daga nesa yadda za a ga abin da ke kewaye kamar tsauni ko bishiya ko rijiya, sannan ka ajiye rula ko ƙwandala ko kwalin ashana a gefensa ka ƙara ɗauka don a gane girmansa. Ka kunna lokeshan na wayar kafin ka fara, GPS ba ya buƙatar sabis ko data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓa kai tsaye, saboda haka ko a tsakiyar hamadar Tenere zai ba ka lambobin wurin. Ka ɗauki hoton fuskar wayar da lambobin a jiki, in ku biyu ne ma ya fi, ɗaya ya ajiye wayarsa kusa da dutsen lambobin suna nunawa ɗayan ya ɗauki hoton su tare. Bayan ka ɗaga shi ka ɗauki hoton gurbin da ya bari.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, in ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba yana goge bayanan rana da wuri da suke ɓoye a cikin hoton, don haka asalin hoton da ke wayarka kar ka kuskura ka share shi, in za ka tura wa wani a matsayin hujja ka tura shi a matsayin fayil.

Sai rubutu a takarda, a ranar ba gobe ba. Kwanan wata, lokaci, sunan wurin yadda mutanen yankin suke kiransa, gari ko ƙauye mafi kusa da nisansa, sunan wanda ya fara ganinsa, su wa ke wurin, guda nawa ne. In guntaye ne da yawa a warwatse kowanne da nasa hoton da nasa lambobin, kar ka tattara su a buhu ɗaya. Dalili shine dutsen da ya fashe a sama yakan zube ne a dogon fili mai siffar ƙwai, manya suna wucewa gaba ƙanana suna faɗuwa a baya, in aka san inda kowanne ya kwanta ana iya zana taswirar har a gane inda ya kamata a nemi sauran. Haka aka yi a Sudan bayan wanda ya faɗo ranar 7 ga Oktoba 2008 a hamadar Nubiya, ɗaliban Jami'ar Khartum suka jera sahu suna taka hamada ƙafa da ƙafa, duk guntun da aka gani sai an rubuta wurinsa kafin a taɓa, aka sa masa suna Almahata Sitta saboda tashar jirgin ƙasa ta 6 da ke kusa.

In kuwa faɗowa ya yi ana gani, wato an ga haske an ji rugugi kamar aradu ba hadari, to aikinka ya ninku kuma darajar dutsen ma ta ninku, don a kasuwar nan an raba su gida biyu, wanda aka ga faɗowarsa da wanda aka tsinta kawai, na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ka nemi ganau ba jiyau ba. Ka naɗi muryarsu da yardarsu, su faɗi ƙarfe nawa ne ko tsakanin wace sallah da wace, ta wace kusurwa hasken ya taho, ƙara nawa suka ji. In ya huda rufin kwano ko ya karya reshe a ɗauki hoton, a ajiye kwanon ma. Mai unguwa ko dagaci ya sani, ya sa hannu a takardar.

Dan Allah kar a fasa shi. Na Gujba da ya faɗo ranar 3 ga Afrilu 1984 a yankin da yanzu yake jihar Yobe, wani iri ne da ba kasafai ake samu ba, shi kaɗai ne ma a jinsinsa aka ga faɗowarsa, amma mutane suka farfasa shi kowa ya ɗebi nasa, shi ya sa nauyinsa na asali ƙiyasi kawai ake yi, wajen kilo 100. Kar a wanke da ruwa ko omo, kar a shafa masa mai don ya yi sheƙi, kar a saka shi a wuta ko ruwan batir wai gwaji. Ka naɗe shi a takardar alminiyam mai tsabta ko leda mai zif, in sabon faɗowa ne ka guji taɓa shi da hannu kai tsaye, gumi da gishirin hannu suna sa ƙarfen cikinsa tsatsa.

Mataki na 2: ba shi lamba, buɗe masa littafi

Da ka dawo gida ka auna shi a sikelin dijital irin na masu gwal, ka ɗauki hotonsa a kan sikelin lambar tana nunawa. Nauyi shi ne kamar lambar katin ɗan ƙasa ga dutse, duk inda ya je da shi za a gane shi. Ka ƙirƙiri lambarka, misali harafin sunanka da shekara da lamba, ka rubuta a jikin ledar da kuma wani ɗan kati da zai zauna tare da shi, kuma lambar nan ɗaya ta shiga littafinka inda ka kwafe duk bayanan mataki na 1. Ka ɗauki hotonsa ta fuska 6, sama da ƙasa da gefe huɗu, a hasken rana.

Wannan ba sabon abu bane. Harvey Nininger, Ba'amurken da ya shahara wajen tara duwatsun sama tun shekarun 1920, da fenti yake rubuta ƴar ƙaramar lamba a jikin kowane dutse wadda ta yi daidai da ta kundinsa, Oscar Monnig na Texas shima haka, nasa lambobin da harafin M suke farawa. Yau in dutse ya fito kasuwa da irin wannan lambar a jikinsa kuɗinsa ya fi na ɗan'uwansa da ba shi da ita, don ana iya buɗe kundi a ga tarihinsa. In irin wannan ya shigo hannunka kar ka goge lambar wai kana tsabtace shi, kuma tsohon katin da ya zo da shi ko ya yage ko ya yi ja kar ka yar.

Mataki na 3: ka tabbatar ma na saman ne

Gaskiya mai ɗaci ita ce mafi yawan abin da ake tsinta ana murna ba na sama bane. A ƙasar Hausa abu uku ne suka fi ruɗar mutane. Kashin maƙera, wato ragowar tama da kakanninmu suka narka, yana nan birjik a tsofaffin kufai, baƙi ne mai nauyi har yakan kama mayen ƙarfe, amma za ka gan shi da ƙofofi-ƙofofi kamar soso, shi kuwa dutsen sama da wuya ka ga ramukan kumfa a cikinsa. Sai marmara da dangin duwatsun tama, waɗannan in ka goga su a bayan tayil inda ba sheƙi za su bar jan layi ko baƙi, na sama ba ya barin wani layin kirki. Sai gatarin aradu, wanda shi kayan aikin mutanen da ne da suka sassaƙa da hannu, yana da tasa darajar ta tarihi amma ba daga sama ya zo ba.

Na gaske yawanci ya fi dutsen gari nauyi in girmansu ɗaya, yana da siririn ɓawo baƙi na ƙuna wanda kaurinsa bai wuce na farce ba, in ya daɗe a hamada ɓawon yakan koma ruwan ƙasa, wani kuma za ka ga jikinsa da lotsawa kamar an danna yatsa a curin yumɓu. In ka goge ɗan gefe kaɗan da magagari, mafi yawansu za ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe mai sheƙi da wasu ƴan ƙwallaye kamar ƙwayar gero. Amma na Mars da na wata ba su da waɗannan alamomin na ciki, mayen ƙarfe ma da ƙyar yake kama su, sai ɗakin gwaje-gwaje ne kawai zai raba gardama.

Maganar mayen ƙarfe kuma a yi hattara. Kowa da shi yake fara gwaji, amma mai ƙarfin nan yana goge tarihin maganaɗisun da dutsen ya riƙe tun biliyoyin shekaru. A 2023 masu bincike sun nuna haka ta faru da guntayen NWA 7034, wani shahararren dutsen Mars da aka samo a Sahara, duk waɗanda suka gwada an riga an lalata musu wannan bayanin da mayen hannu. In dole sai ka gwada, ka gwada a ɗan ƙaramin ɓallin da ya riga ya fita, ka kuma rubuta a littafinka cewa wannan guntun mayen ƙarfe ya taɓa shi.

Mataki na 4: na waye, kuma an yarda ya fita?

Nan ne salsala take haɗuwa da hukuma, kuma kowace ƙasa da nata tsarin. A Amurka na mai fili ne, tun 1892 wata kotu a jihar Iowa ta yanke haka. Kanada da Ostareliya sai da takardar izini ake fitar da shi. Namibiya ta hana fitar da nata, shi ya sa duk mai sayar da Gibeon, wato dutsen sama na ƙarfe da ake samu a can, ake so ya nuna cewa tsohon kaya ne da ya daɗe da fita. Ajantina ma ta kafa doka a kan na yankinta na Campo del Cielo. A Oman an taɓa tsare wasu Amurkawa biyu a 2011 saboda neman duwatsun sama. Waɗanda ake kwasowa a Antatika na bincike ne zalla, ba a sayar da su, haka duwatsun da ƴan sama jannatin Apollo suka kawo daga wata, duk wanda ya ce maka yana da su na sayarwa ka san da wa kake magana.

A Najeriya tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma fitar da ma'adinai waje ko da samfur ne na gwaji akwai takardar izininsa a ma'aikatar ma'adinai. Saboda haka kafin ka kai wa DHL ko ka ba wani matafiyi ya saka a jaka, ka je ofishinsu na jiharka ko hukumar binciken ƙasa ta NGSA ka yi tambaya, ka nemi amsar a rubuce. A Nijar kuwa bayan abin da ya faru kar ka motsa da komai sai ka ji ta bakin ma'aikatar ma'adinai a Yamai. In a gonar wani aka samu, a zauna da shi a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu tun kafin a san kuɗinsa, don bayan an sani zaman ba ya daɗi. Na san wasu za su ce bin hukuma jan ƙafa ne kuma ana tsoron kar a ƙwace, ban raina wannan damuwar ba, amma manyan gidajen tarihi da jami'o'i yanzu suna gudun dutsen da ba shi da takardar fita, wanda ya fitar ta bayan gida ya rage wa kansa masu saye, sai dillalan da za su taya shi a wulaƙance don sun san ba shi da inda zai kai.

Mataki na 5: gwaji da raɗin suna

Dutse ba ya zama sananne a duniya sai ƙungiyar masana ta Meteoritical Society ta amince da shi, kwamitinta na suna ya sa masa suna, an buga shi a kundinta mai suna Meteoritical Bulletin. Kai ba za ka tura musu kai tsaye ba, masanin da ya yi gwajin ne yake shigar da bayanan. Yadda abin yake, za ka nemi jami'a ko gidan tarihin da suke wannan aikin, ka fara tura hotuna, in sun ga alama za su ce ka aiko da yanki. Za su yanka shi siriri su duba a madubin ƙara girma, su auna sinadaran ma'adinan cikinsa, in ana zaton na Mars ne ko na wata su ƙara da gwajin iskar oksijin da ke cikinsa. Yana ɗaukar watanni, wani lokacin ya haura shekara, kuma wasu wuraren ana biya.

Akwai ƙa'idar da ya kamata ka sani tun yanzu don kar ka ga kamar an cuce ka: dole a bar wani yanki ajiya na dindindin a wata cibiya da aka amince da ita, giram 20 ko kashi 20 cikin 100 na nauyin, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Wato dutse mai giram 60 za a ajiye giram 12, mai kilo 5 kuma giram 20 ne kawai. Wannan yankin shine shaidarka har abada, in gardama ta tashi bayan shekara 50 ana iya komawa a gwada.

Sunan da za a ba shi ya danganta da abin da ka kawo daga mataki na 1. In wurin a tabbace yake sai a sa masa sunan gari ko wani wuri na kusa, kamar Mayo Belwa da ya faɗo a Adamawa a 1974, ko Kilabo na wajen Haɗeja a 2002, ko Tazerzait a Nijar a 1991. A wuraren hamada da ake yawan samu sai a sa sunan yankin da lamba, kamar Tiffa da Grein a Nijar. Shi kuwa NWA an ƙirƙiro shi ne saboda dubban duwatsun da suke bi hannu-hannu daga makiyaya zuwa dillalai har su ƙare a kasuwannin Maroko irin su Erfoud, a lokacin an riga an rasa takamaiman inda aka ɗauko su. Ka roƙi mai gwajin ya rubuta ƙasar da wurin daidai, ya kuma sa sunan wanda ya tsinta in shi yana so.

Mataki na 6: in kai ne mai saye

Kar ka yi cinikin biri a sama. Ka fara da cikakken sunan dutsen, ka shiga rumbun Meteoritical Bulletin a intanet, kyauta ne, ka rubuta sunan. In bai fito ba to ba shi da rajista, ko me aka rubuta a satifiket. In ya fito ka karanta abu huɗu, jinsinsa, shekarar da aka samu, jimillar nauyin da aka sani, da wanda aka ce babban yankin yana hannunsa. Jimillar nauyin nan tana kama maƙaryata sosai, in an rubuta duka-duka giram 400 ne a duniya wani kuma yana tallan rabin kilo da wannan sunan, ka ga ai magana ta ƙare.

Sai ka tambayi mai sayarwa daga wa ya saya, yaushe, ina tsohon katin, ina hoton dutsen kafin a yanka. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin, wasu ba za su so faɗin nawa suka saya ba wannan haƙƙinsu ne, sai su rufe kuɗin a rasit su nuna maka sauran. Ka sa ya ɗauki sabon hoto da dutsen a kan sikeli da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefe, don ana satar hotunan wasu a yi talla da su. In ya iso ka auna da kanka, ka gwada siffarsa da ta hoton, tsaga da tsaga.

Satifiket shi kaɗai ba hujja bane, kowane shagon kwamfuta zai buga maka mai zinariya a gefe. Darajarsa tana ga wanda ya sa hannu, shin sananne ne, shin zai karɓi kayansa ya mayar maka da kuɗi in gwaji ya ƙaryata shi. Akwai ƙungiyar masu tarawa ta IMCA wadda mambobinta suke da lamba kuma ana iya kai ƙararsu can, ka duba lambar a shafin ƙungiyar da kanka, kar ka tsaya ga tambarin da ya manna.

Wata dabarar da ta fi yawa kuma ba kowa ke ɗaukarta ƙarya ba ita ce jingina. Mutum ya sayi dutse mara rajista, ya ga ya yi kama da wani mai rajista, sai kawai ya manna masa sunan wancan. NWA 869 ya sha wannan, da yake nasa da aka samu ya kai dubban kilo, duk wani mai kama da shi sai a ce shi ne. Kama da wane ba ta wane, masana ne kawai suke iya cewa duwatsu biyu daga faɗowa ɗaya suke bayan gwaji. Haka ma ana ɗaukar sabon dutsen hamada mai baƙin ɓawo a ce ai guntun wani sanannen faɗowa ne don kuɗin ya ninka. In ba a gwada ba sunansa mara rajista, a saye shi a haka a kuɗin haka, ba laifi bane, irin waɗannan na gama-gari sau da yawa giram ɗinsu bai kai dala 1 ba, alhali na Agadas in ka raba kuɗinsa ya kama wajen dala 215 kowane giram. Ratar nan ita take sa mutane ƙarya.

Mataki na 7: in kai ne mai sayarwa, ko za ka yanka

Duk abin da ka tara ka ba mai saye kwafinsa, hotunan wurin, lambobin GPS, sakamakon gwaji, takardar izinin fita, tsofaffin katuna na asali su bi dutsen kai ka riƙe hotonsu. Ka ƙara naka katin a kai, kar ka maye gurbin na baya da shi. A rasit a rubuta suna ko lambar dutsen, nauyi, rana, sunan mai saye da mai sayarwa, in ta hannun dillali ne shima sunansa da la'adarsa su shiga, kowa ya riƙe kwafi. Inda ba ka sani ba ka rubuta ba a sani ba. In a kasuwar Agadas ka saya daga wanda shima saya ya yi, ka rubuta an saya a Agadas a wata kaza, kar ka ƙirƙiro lambobin GPS don katin ya yi kyau, kuma kar ka canja ƙasa don kauce wa doka, a ce na Aljeriya ne ko na Nijar a rubuta Maroko. Ƙaryar wuri tana shiga kundin masana ta zauna, su gina bincike a kanta, kuma ranar da aka gano duk sauran kayanka sun zama abin zargi.

In za a yanka, a auna a ɗauki hoto kafin zarto ya taɓa shi, bayan an gama a auna kowane yanki a ba shi lambar uwar da ƙarin harafi, a rubuta abin da zarto ya ci. Misali dutse mai giram 500 ya ba da yanka 8 da suka haɗa giram 430, to a rubuta giram 70 sun tafi a gari, yadda duk wanda ya zo daga baya zai iya haɗa lissafin ya ga ba a cusa baƙon yanki a ciki ba.

Kuma in kai ne na tsakiya, wanda ya karɓa daga makiyayi ko mai haƙar zinariya da ya ci karo da shi, ka rubuta sunansa da yadda za a same shi a littafinka, ka gaya masa gaskiyar abin da kake zato. In gwaji ya fito dutsen ya zama mai tsada ka koma masa da wani abu, wasu ma tun farko suke yarjejeniyar kaso. Shi ne farkon isnadin, kuma in aka zo neman ragowar guntayen shi kaɗai ya san hanya.

Mataki na 8: ajiya

Dutse da katinsa kullum a mazubi ɗaya, kar a fito da biyu a lokaci guda a kan tebur in suna kama da juna, nan take ake musanya kati ba a sani ba. Ka saka ɗan ƙullin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, musamman da damina, ka riƙa canja shi. Takardun kuma kwafi uku, na takarda a gida, hotonsu a waya, wani a imel ɗinka ko wurin ɗan'uwan da ka yarda da shi, don waya tana ɓata gara kuma tana cin littafi. A shafin farko na littafin ka rubuta da Hausa ko ajami yadda iyalinka za su gane, cewa duwatsun da ke akwati kaza na sama ne, lambar jikin kowace leda tana da shafinta a ciki, kar a raba su da katunansu, ga kuma sunan jami'a ko masanin da ya yi gwajin da za a tuntuɓa kafin a sayar ko a raba gado.